Shago biyu a layi ɗaya, ɗaya yana cika ɗaya yana ramewa

Mai Tireda:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, ina so a faɗa min gaskiya ko da ɗaci. Shekara shida ke nan ina da shagon tireda a unguwarmu. Wani yaro ya buɗe nasa a layinmu bayan nawa da shekara biyu, tsakaninmu bai fi taku talatin ba. Kasuwar Singa ɗaya muke zuwa sari, wata rana ma ɗan sahu ɗaya ke kawo mana kaya. In an ɗauke wuta tare ake ɗauke mana. Amma yau shi ya fasa bango ya haɗe da shagon kusa da shi, ya sa firiza biyu. Ni kuwa kantata sai raguwa take yi, har na fara jera kwalayen da babu komai a ciki don kada a ga giɓi. Kuma wallahi ina ciniki, daga safe har goma na dare ba na zama. To ina kuɗin ke tafiya?

Mai POS:
Wa alaikumus salam. Yaya, kada ka wahalar da kanka da tunani. Ƙasar ce ta zama haka. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Dalar da ake canzawa wajen 750 a kasuwar canji ta Wapa, kafin a ankara ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ga wahalar canjin kuɗi da aka sha kafin nan. Wane ƙaramin ɗan kasuwa ne zai tsira a haka?

Ɗan Kwari:
Wancan yaron na layinsu, shi a wace ƙasar yake? Ko shi dalarsa daban ce?

Mai POS:
Wataƙila yana da mai ɗaure masa gindi. Ka san wasu akwai kawu a Abuja.

Mai Tireda:
A'a, in don wannan ne na san gidansu. Mahaifinsa faci yake yi a bakin titi. Babu wani kawu.

Ɗan Kwari:
To ka ji. Ni ba na musun cewa gwamnati da dala sun jijjiga mu, mu 'yan kasuwar Kwari mun fi kowa ji a jiki tunda kayanmu da dala ake shigo da su. Amma iska ɗaya ce ta kaɗa kowa, wani rufinsa ya yaye, wani nasa yana nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin nan tsagar bangonsa yake tambaya, ba ƙadangaren ba.

Akanta:
Malam Mai Tireda, tambaya uku zan yi maka, kada ka ji kunyar amsawa. Kuɗin cefanen gidanka daga ina kake ɗauka? Nawa kake bin mutanen unguwa a yau ɗin nan? Yaushe rabonka da ƙirga kayan shagon gaba ɗaya ka san nawa suka kama?

Mai Tireda:
Cefane daga durowa mana, ai ba ni da wata sana'ar. Bashi kuwa akwai wanda na rubuta a bayan kwalin sukari, akwai wanda yake kaina. Ƙirga kaya gaba ɗaya... gaskiya tun da na buɗe ban taɓa yi ba.

Akanta:
Na gode da ba ka ɓoye ba. Ba wai cin abinci daga shago ne laifi ba, don a ci ake nema. Matsalar ita ce ba ka san ko riba kake ci ko uwar kuɗi ba, domin a cikin durowa kamanninsu ɗaya ne. Bari in yi maka misali. Ka yi cinikin dubu 60 a yini. Kayan tireda ribarsu siririya ce, a ce ka samu naira goma a kowace ɗari, ribarka dubu 6 ke nan. Daga ciki akwai kuɗin mota zuwa Singa, man janareta, leda, abincin yaro, da hayar shago da za ta zo ƙarshen shekara ko ka shirya ko ba ka shirya ba. In ka zari dubu 7 na cefane, ka ba ƙanwarka dubu 2 na asibiti, ka sa kati a waya, a ranar ka ci uwar kuɗi ba tare da ka ji komai ba. Durowa tana nan cike da kuɗi, sai ka ga kamar lafiya lau. Kanta ce kawai ke faɗa maka gaskiya, ita ma sai bayan watanni.

Abin da za ka yi shi ne ka yanka wa kanka albashi kamar yaron shago. Ko kullum, ko duk Juma'a. In ya ƙare ya ƙare.

Hajiya Mai Atamfa:
Akanta, maganarka a takarda daidai ce, amma kamar ba a cikin Hausawa kake zaune ba. "In ya ƙare ya ƙare" za ka ce wa mahaifiyarka in ta aiko? Ni a gida nake sayar da atamfa da leshi, kuma duk dangi sun san inda kuɗi yake kwana. Suna, biki, rasuwa, kuɗin makarantar ɗan yaya, duk ni ce. Ranar da na ce babu, sai da aka kai ƙarata wajen Inna wai kuɗi sun canza ni.

Akanta:
Hajiya, ban ce a yanke zumunci ba. Na ce a ba shi nasa kason.

Hajiya Mai Atamfa:
To yanzu ka zo inda nake, don abin da na koma yi ke nan bayan jarina ya karye sau biyu. Gwangwani uku nake da su a ƙarƙashin gado, yanzu sun koma asusu uku a waya. Ɗaya na uwar kuɗi, wannan ko ni ba na taɓa shi sai ranar sari. Ɗaya na gida. Na ukun na 'yan uwa ne, duk turmin da na sayar ina jefa wani abu a ciki. In an zo da buƙata, abin da ke cikin na ukun shi zan bayar da fara'ata, in babu in rantse da gaskiyata cewa babu. Da can kunya ce ke sa in ciro daga jari, in bayar ina murmushi, in koma ɗaki ina lissafi da hawaye. Kuma wani abin mamaki, tun da na fara haka aka rage yawan aikowa. Mutane suna gane wanda aljihunsa ba shi da ƙofa.

Tela daga Zariya:
Hajiya ta faɗi tata, bari in faɗi tamu, don mu masu sana'ar hannu ciwonmu daban ne. Tela ba jari ke kashe shi ba, alƙawari ne. Azumi ya kama, kana iya ɗinka kaya 80 kafin Sallah, sai ka karɓi 150 saboda ba ka iya cewa a'a, kuma kuɗin kafin alƙalami yana da daɗi. Daren Sallah ka kashe waya ka ɓuya. Na yi wannan shekara da shekaru, ina cewa laifin masu wuta ne. Wutar ma da laifinta, amma ai na san halinta tun kafin in karɓi kayan. Mutum ɗaya da ya je idi da tsohuwar riga saboda kai, gidansu gaba ɗaya ka rasa, har da surukansa.

Yanzu 15 ga azumi nake rufe karɓar ɗinki. Ana zagina a lokacin, amma su ɗin ne ke fara kawo kaya tun watan Sha'aban.

Ɗan Kwari:
Mai Tireda, ni ga inda nake zargin jarinka ya zube, kuma ba kai kaɗai ba. Lokacin da kaya ke tashi kullum, da wane farashi kake sayarwa? Da wanda ka saro, ko da wanda za ka je ka tarar?

Mai Tireda:
Da wanda na saro mana, in ɗora ribata. In ƙara kuɗi a kan tsohon kaya ai kamar zalunci ne.

Ɗan Kwari:
Nan ne. Ka saro katan ɗin taliya dubu 10, ka sayar dubu 11, kana murna ka ci dubu ɗaya. Ka koma Singa ka tarar ya zama dubu 12 da ɗari biyar. Kuɗin katan goma yanzu tara ma ba za su saya maka ba. A lissafin naira ka ci riba, a lissafin kaya ka faɗi. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a ƙasar nan, duk wanda ya yi shekarar yana sayarwa da tsohon farashi, da hannunsa ya raba wa unguwa jarinsa. Mu a Kwari da dila muke auna arziki, ba da kuɗi ba. Bara dila nawa gare ka, bana nawa? Ina tabbatar maka yaron nan na layinku kafin ya buɗe shago da safe sai ya kira Singa ya ji yadda kasuwa ta kwana.

Mai POS:
Wato ku ne masu ƙara wa kaya kuɗi suna ajiye. Sannan a ce gwamnati.

Ɗan Kwari:
Kai da ka caji mutane naira 200 da 300 a kan dubu ɗaya lokacin ƙarancin takardun kuɗi, kai ne za ka yi min wa'azi?

Mai POS:
Mu ma sayen kuɗin muke yi a lokacin!

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, a tsaya kan maganar bawan Allah nan. Malam, kana nan? A taimaka mana da batun farashin, tunda an ambaci zalunci.

Malam:
Ina biye da ku. Sayar da kaya a farashin da kasuwa take a ranar ba zalunci ba ne, matuƙar babu algus, babu tauye mudu, babu ƙarya a kan nawa aka saro. Abin da aka hana shi ne ɓoye abinci a lokacin da jama'a ke buƙata don a jira ya yi tsada. Wannan daban, wancan daban.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bashin da ɗan'uwa ya ce yana kansa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mu kuwa sai mu ga rubutawa kamar rashin yarda ne, mutum ya ce "haba, ni za ka rubuta?" Sannan ɗan kasuwar da ke jujjuya kaya kullum, a mazhabarmu ta Malikiyya, ana so ya ware wata guda a shekara ya ƙiyasta kayan shagonsa, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Wanda bai taɓa ƙirga kayansa ba, ta yaya ya san ko zakka ta hau kansa? Ka ga abin da Akanta ke nema a wajenka, addini ya riga shi nema.

Akanta:
Allah ya saka da alheri Malam. Da ni na faɗa, cewa za a yi boko ne.

Hajiya Mai Atamfa:
Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba za a daina bayarwa ba. Mu harkar mata in ba ka ba da bashi ba ma ba za ka sayar ba, musamman kayan anko. Amma kowace mace da iyakarta a littafina. Wadda ta biya na baya ta ɗauki sabo. Wadda ba ta biya ba, mu gaisa, mu sha hira, in raka ta har zaure, turmi dai ba zai bi ta ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo a makare. Mu nan abin da ya same mu ya fi ƙarfin littafi. An rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, hanyar Jibiya da Ɗan Isa ta tsaya cik. Wanda duk kasuwancinsa ya rataya a kan Kano da Katsina, me zai rubuta? Don haka kada ku ɗora wa mutum laifi duka. Sai dai na lura da abu guda a lokacin. Waɗanda suka fi saurin durƙushewa su ne masu mutum ɗaya da suke saro kaya a wurinsa, da hanya ɗaya, da kaya iri ɗaya. Masu ɗan abin ajiye a gefe, ko tumaki ne ko buhunan wake, sun lallaɓa har aka buɗe.

Baba na Dawanau:
Yarana, jikana ne ke rubuta min, ni idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Na shekara fiye da arba'in ina harkar hatsi. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ba wanda ya taɓo yaran shago, kuma a nan na ga manyan mutane sun faɗi.

Ɗana Mai Tireda, wa ke zama maka in ka tafi sari?

Mai Tireda:
Ƙanena ne Baba, uwa ɗaya uba ɗaya.

Baba na Dawanau:
Nawa kake biyansa?

Mai Tireda:
Ai ɗan'uwana ne, ba ma yin haka da shi. In yana da buƙata yana ɗauka.

Baba na Dawanau:
To hannu biyu ke shiga durowar ke nan, kuma babu wanda ya san abin da ɗayan ya ɗauka. Ban ce yaron ɓarawo ne ba, kada ka je ka tayar da fitina a gida. Amma saurayi ne, yana da waya, yana da abokai, wataƙila akwai inda yake zuwa zance. Ka bar shi da kuɗi ba ka yanka masa nasa ba, ka ce ya ɗauki na buƙata. Buƙatar saurayi tana da iyaka ne? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ku dubi maƙwabtanmu Inyamurai a Sabon Gari. Yaro zai zo wajen ubangidansa, tun ranar farko an yi magana a gaban iyayensa: shekara kaza za ka yi, in ka cika a sallame ka da jari. Yaron ya san dukiyar da yake tsarewa a cikinta rabonsa zai fito. Mu ma muna da sallama, ni kaina ubangidana ne ya sallame ni, amma tamu ba ta da rana. Yaro ya shekara goma sha biyar yana jiran ranar da Alhaji zai ga dama. In ya gaji da jira, sai ya fara sallamar kansa da kansa kaɗan-kaɗan.

Sannan akwai masu riƙe komai a ƙirjinsu. Ba ɗa, ba mata, ba yaro da ya san wa ake bi, wa ke bi, ina ake saro kaya. Ranar da aka wayi gari babu shi, kafin a yi sadakar arba'in shago ya zama kango, magada suna rigima a kan kwalaye. Na ga haka ba sau ɗaya ba a layinmu. Alhassan Ɗantata ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja kafin gyaɗa, ya rasu tun 1955, amma harkar gidan ba ta bi shi ba, domin ya sa 'ya'yansa a ciki tun yana raye.

Mai Kaji:
Baba ya gama magana. Ni zan ƙara da gaggawa. Zubin farko na kaji 200 ya yi min kyau, sai na ce me nake jira, na ranto kuɗi na zuba 1,000 a ɗakin da bai kai ba, ga zafin watan Afrilu. Ban san ciwonsu ba, ban san lissafin abincinsu ba, na dai ga wani ya yi ya sayi mota. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, har yau ina biyan bashin. Da yawanmu ba sana'a muke koya ba, kwaikwayo muke yi. Layi ɗaya masu POS takwas.

Mai POS:
Yau dai ni aka sa a gaba a zauren nan.

Tela daga Zariya:
Haƙuri za ka yi, laimar masu POS ce ta yi yawa a titi.

Mai POS:
To na ji, amma bari in faɗi wata gaskiyar da ba ku faɗa ba. Duk wannan tsarin da kuke zayyanawa, mai jarin dubu 50 da 'ya'ya shida ba zai iya ba. Ribarsa gaba ɗaya ba ta kai kuɗin cefanensa ba, ko ya rubuta ko bai rubuta ba uwar kuɗin zai ci. Littafi ba ya ƙara riba.

Akanta:
Wannan gaskiya ne, kuma ban da amsar da za ta share shi. Abin da littafin zai yi masa kawai shi ne ya nuna masa da wuri cewa shagon ba zai iya ɗaukar gidan shi kaɗai ba, tun jarin bai ƙare ba. Sai ya san ko zai haɗa da wata sana'ar, ko uwargida ta kama wani abu, ko ya shiga adashi don ya ƙara jari. Wanda bai rubuta ba sai ranar da mai shago ya zo karɓar haya yake ganewa. Amma Mai Tireda ba ya cikin wannan sahun, shi da ke ciniki har goma na dare.

Hajiya Mai Atamfa:
Kuma Mai Tireda, kada ka ji haushi, ka duba fuskarka ma. Ni akwai shagon da na daina aika yara saboda mai shi kullum yana kan waya, yaro ya yi sallama sau uku kafin ya ɗago, in babu canji ya ce a je a nemo. Mata a cikin gida su ke yanke shawarar shagon da za a je, kuma labarin da yara suka kawo shi muke bi.

Mai Tireda:
Hajiya kamar kina leƙena. Wancan yaron har alawa yake ba yaran da aka aiko.

*(washegari)*

Mai Tireda:
Salam. Jiya bayan isha'i na ja ƙofa, ni da ƙanena muka ƙirga komai, sai ƙarfe ɗaya muka gama. Bashin da na iya tunawa da wanda ke jikin kwali ya kusa kai rabin kuɗin kayan da ke kan kanta. Mutum uku a ciki sun tashi daga unguwar ma. Na kuma tarar da katan biyu na wani lemon kwalba da na saro tun bara saboda an yi min ragi, ashe har kwanan watansu ya wuce suna ƙarƙashin buhunan omo. Ƙanena da kansa ya ce shi ma ya fi son a yanka masa nasa, wai kullum in ya ɗauka sai ya ji kamar sata yake yi.

Abin da ban san yadda zan yi da shi ba, mafi yawan bashin yana wajen mutum ɗaya, kuma limamin masallacin layinmu ne ya kawo min shi tun farko.

Malam:
To wajen liman ɗin za ka fara zuwa, kai kaɗai, bayan sallar asuba. Ka tafi da abin da ka rubuta.

Baba na Dawanau:
Kada ka ce a biya ka duka, ba zai iya ba, sai ya fara canza hanya. Ka ce duk Juma'a ya kawo abin da ya sawwaƙa, ka rubuta a gabansa.

Akanta:
Lemon kuma kada ka sayar wa kowa, zubar da shi za ka yi, ka rubuta kuɗinsa a shafin asara. In ka sayi littafin, mai kauri za ka saya, ka turo min hoton shafin farko in nuna maka yadda ake ja masa layi.